Muntaka da Injin da Ba Ya Kuka

A da, idan ka gangara fadamar da ke bayan Dawakin Tofa ka tambayi gidan Muntaka Bakanike, ba mai ɓata bakinsa wajen yi maka kwatance. Cewa za a yi ka bi ƙara. Duk injin da ya ratsa hannun mutumin nan, na niƙa ne ko na ban ruwa, sai ya fito yana kururuwa har jarirai su farka a unguwa ta gaba. Ka kai masa canjin fulogi, ya dawo maka da inji babu salansa. Ka yi magana, ya kalle ka sheƙeƙe ya ce kai me ka sani game da inji.

To shi ɗin da ya sani, me sanin ya tsinana masa? Ya haura sittin ba shi da shago, ba shi da ko akwala. Abin da zai nuna a duniya ya ce nasa ne, rabin lambun da tsohonsu ya bar musu ne shi da ƙaninsa Mati. Daga nan gidansa ke ci, kuma da shi kaɗai yake amsa sunan magidanci. A shekarar da zan ba ku labari, lambun nan yana rawa a hannunsa.

Amma bari in faro daga inda ciwon ya kama shi.

Muntaka ɗan fari ne a gidan manoma, sai dai tun yana yaro fartanya ba ta zauna masa a hannu ba. Da ya tasa sai ya bar wa Mati gona da tsoho, ya shige Kano, ya samu aiki a garejin wani Bature a Bompai. Aikin ma wanke-wanke ne, kada ya ruɗe ku: a kwance inji, a zuba masa kayan ciki a daro da kananzir, ya dirje, ya jera a rana. A nan ya tsinci ɗan abin da ya tsinta na sifana.

Shi Baturen 'yan'uwansa kan aiko masa da kaset-kaset ɗin bidiyo daga ƙasarsu, na tseren motoci. Motocin ma wasu irin halittu ne: kujera ɗaya tak, direba a kishingiɗe sai kansa a waje, tayoyi huɗu tsirara a gefe, ba wurin fasinja, ba inda za ka ɗora ko buhu guda. Ran Asabar bayan an tashi aiki sai ya fito da talabijin baranda, ya ce mai son kallo ya tsaya. Ma'aikata su ɗan leƙa su watse, don me za a kalla? Mutane ne suna ta zagaye fili, su wahala, su dawo inda suka tashi. Muntaka kuwa ya tsuguna, daro a gabansa, baki buɗe, har a kashe. Ba ya jin yaren mai sharhi, bai taɓa riƙe sunan direba ko ɗaya ba. Da launi ya san su: Mai Ja, Mai Baƙa, Mai Ruwan Ƙwai. Abin da ya shige shi ƙarar ce. Ya ce idan motocin suka taso gaba ɗaya, har cikin haƙoransa yake ji.

Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, aiki ya tsaya, Bature ya haɗa nasa ya nasa. Ya ce kowane ma'aikaci ya ɗauki abu guda a gareji ya riƙe. Masu hankali suka ɗauki akwatin sifanu, wani jak, wani injin walda, kuma yau wasunsu jikokinsu ma suna cin albarkar abin. Gogan naka ya zarce ya rungumo kwalin kaset. Haka ya sauka a ƙauye da kwali a ka, garin da ko turken lantarki babu. Tsohonsu ya buɗe, ya juya ɗaya, ya tambaya ko ana ci. Bai ƙara cewa komai ba har ya rasu.

Sa'arsa ɗaya, lokacin ne injinan ban ruwa suka fara korar jigo a fadama, kuma duk yankin ba wanda ya taɓa ganin cikin inji sai shi. Dole aka yi da shi. Ya auri Kaltume, mace mai haƙurin da ni dai ban ga amfanin da ya yi mata ba, ya kafa rumfa a gindin ɗorawa, ya shiga koya wa injinan talakawa halin motocin Turai. Ya yar da salansa, ya buɗe wa kafireta maƙogwaro. Inji ya riƙa shan mai ninki, mai shi ya zo yana ƙorafi, Muntaka ya ce, "Namiji ne yanzu. Da can mace ka kawo mini."

Kaset ɗin fa? Ya samu wata tsohuwar bidiyo da janareton aro ya nuna su a ƙofar gida 'yan lokuta, har na'urar ta fara tauna zare. Sauran gara ta gama da su a ƙarƙashin gado. Sai ya zamana baki ne ya rage. Kullum bayan la'asar a majalisa, da an ɗan yi shiru, sai ka ji ya gyara murya.

"Ku ba ku ga maza ba. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a giya, ga kwana ta taso, mutum ko birki ba ya nema. Mota ta kama da wuta, ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce a kawo wata!"

Daga nan ya kumbura kumatu ya yi musu kukan injin, tun daga giyar farko har ta ƙarshe, yawu na fesawa. Dattijo da furfura! Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin nan bai taɓa zama a bayan sitiyari ba. Ko motar gareji bai taɓa matsarwa daga inuwa zuwa rana ba. Kekensa ma idan ya zo gangara sauka yake yi ya tura.

Wata Lahadi ya je Dawanau sayen ringin inji, aka ce masa gidan kallon da ke bakin kasuwa na nuna irin tserensa kafin a fara ƙwallo. Ya bar ringin ya nufi can har yana tuntuɓe. Ya samu benci na gaba ya zauna, ya ga motoci sun jeru. Aka sake su. Ya karkata kunne.

"Kai mai gidan nan, ƙaro murya."

"Baba, ai a ƙure take."

"A ƙure? Wannan ce ƙarar? Keken ɗinki ake tsere da shi yanzu?"

Wani ɗan kasuwa da ke gefensa, mai jin Turanci, ya ce ai motocin yanzu har da batir suke haɗawa, kuma muryar da ake ji direba ne ke magana da mutanensa ta rediyo, suna ce masa ya sassauta ya lallaɓa taya.

"Batir? Tocila ce? Kuma a tsere a ce wa namiji ya lallaɓa taya, shi kuma ya ce to?" Muntaka ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Waɗannan ba direbobi ba ne, 'yan aike ne. Allah wadaran zamani."

Ya fita yana tsaki, kuma tsakin nan bai ƙare ba. Tun daga ranar duk abin da ba ya ƙara ya zama abokin gabarsa. A wajensa duniya ta kasu biyu, zamanin maza da zamanin batir, kuma kowa ya san inda ya ajiye kansa.

Ana nan sai fetur ya yi tashin da ya yi. Kun dai san shekarun, ba sai na tuna muku ba: masu ci sau uku suka koma biyu, masu biyu suka koma abin da ya samu. Mai lambu ya wuni yana ban ruwa, ya duba ya ga man da ya ƙona ya fi amfanin da zai ɗauka. Ɗaya bayan ɗaya mutanen fadama suka jingine injinan fetur, masu hali suka sa famfon sola, marasa hali suka haɗa kai su uku su huɗu suka sa guda. Faranti ne baƙi a kafe yana kallon rana, ruwa na bin tiyo shiru, ba hayaƙi, ba tari. Rumfar Muntaka ta koma wurin kwanan awaki.

Mati na cikin waɗanda suka sa. Mutum ne marar hayaniya, wanda ya yi noman gidan tun yayansa na tsugune a Bompai, bai kuma taɓa goranta masa ba. Ya ga rani biyu a jere lambun Muntaka na ƙonewa rabi, don injinsa na shanye man sati a kwana biyu. Ya ga awakin Kaltume na bin hanyar kasuwa ɗaya-ɗaya suna komawa jarkar fetur. Sai ya same shi a majalisa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yaya, tiyona zai kai har fangalinka na ƙarshe. Ka bari in riƙa ba mu ruwa gaba ɗaya, ka huta da man nan."

A gaban mutane! Da a zaure ya faɗa masa, wataƙila da an rufa wa juna asiri. Muntaka ya dubi jama'a, ya ga ana jiran amsarsa, sai kan ya kumbura.

"Wannan madubin naka? Abin da ba ya kuka ba ya jan ruwa, fitsari yake yi. Ku shaida, jama'a: ranar da ruwan abin nan ya shiga lambuna, na bar wa Mati lambun, ya noma ya ciyar da ni kamar maraya."

Liman ya ce, "Muntaka, janye maganar nan." Ya ce bai janye ba, a ma ƙara shaida.

Yanzu sai ku fahimci yadda ake ban ruwa a fadamar nan, don a nan abin ya ƙulle. Kowane lambu da bututunsa da aka kafa a ƙasa, amma ruwan da ke ƙarƙashi ɗaya ne. Da bazara, idan ruwa ya ja baya, maƙwabta biyu ba sa ja lokaci guda, don na ɗaya zai shaƙi iska. Ba agogo ake dubawa ba, ba aike ake yi ba, kunne ne alƙali. Ka iso lambu ka saurara: in ka ji injin maƙwabcinka na aiki, ka zauna ka jira ya mutu, sannan ka tayar da naka. Haka kowa ya tashi ya tarar, tun ana jin ƙarar jigo. Bututun Mati kuwa yana can cikin kwari, bayan shingen zogale, ba a hango shi daga na yayansa.

Mati ya hango matsalar tun kafin ta zo. Ya ce, "Yaya, tunda nawa ba a jin sa, zan riƙa ɗaura jan ƙyalle a kan gora idan ina ja. In ka ga ƙyalle a sama ka dakata mini."

"Ni za ka ɗaga wa tuta? Kunnena ya fi shekara arba'in yana aiki. Je ka, abin wasan naka ko wuni ya yi ba zai rage ruwan da kaza za ta sha ba."

Mati ya kafa gorarsa duk da haka, kullum yana ɗaurawa yana saukewa. Muntaka bai taɓa ɗaga kai ya duba ba, don a ganinsa dubawar ma ƙasƙanci ce.

A shekarar masara ya shuka, kuma don Allah ta yi kyau, ta yi baƙi ƙirin, ta fi mutum tsayi. Ta fara goyo daidai lokacin da zafi ya kai zafi, lokacin da in ta yi 'yan kwanaki ba ruwa sai dai a yanka wa shanu. Tunkiyar Kaltume ta ƙarshe ta tafi, jarka ta dawo. Muntaka ya ce wannan karon zai nuna wa fadama abin da ake kira inji. Ya shimfiɗa buhu ya kwance shi tsaf, ya wanke, ya mayar. Da ya zo kan gwamna, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe inji kada gudunsa ya wuce iyaka, ya juya shi a tafin hannu ya yi masa kallon raini, ya cilla cikin gwangwani. Ya ce irin wannan ne ke ce wa namiji ya sassauta.

Da hantsi ya isa lambu. Ya tsaya ya saurara yadda ya saba. Ba abin da ya ji sai kurciya. Jan ƙyalle na can yana kaɗawa a saman zogale, rana ta buɗe sosai, famfon Mati ya daɗe yana ja. Muntaka ya yi bisimilla ya fizgi igiya.

Kai! Injin ya tashi da wani irin ihu, tsuntsaye suka watse daga masara. Ruwa ya yi tsalle daga tiyo ya cika fangali na farko kafin ka ce me. Muntaka ya riƙe ƙugu yana waige-waige ko akwai mai gani. Fangali na biyu ya cika. A na uku ruwan ya fara tari, ya yi kumfa, ya tsinke. Bututu ya shaƙi iska.

Kowane manomi a fadamar nan, har wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya san abin yi a nan: ka kashe. Inji ya rasa nauyin ruwa, ga shi ba abin da ke riƙe shi, sai ya hau gudu, ya hau, ya ƙara hawa. Kukan ya siranta ya koma wata tsuwwa mai huda kunne. Muntaka ya miƙa hannu zai kashe, sai hannun ya tsaya a hanya. Wannan ce. Wallahi wannan ce ƙarar, wadda rabonsa da ita tun barandar Bompai, wadda ya yi shekaru yana nema da kumatunsa bai samu ba. Ta shiga haƙoransa. Ya tsaya baki buɗe, idonsa ya kawo ruwa, daɗi ya kama shi. Mati ya keto shinge a guje yana ɗaga hannu, yana cewa, "Kashe, Yaya! Kashe!" Ina! Ko a kunnensa ya faɗa ba zai ji ba.

Sai ƙara ɗaya, ƙwas, kamar an fasa tulu da taɓarya. Ƙarfe ya huda cikin injin ya leƙo waje, baƙin mai ya malale a ƙasa yana hayaƙi. Fadama ta yi tsit. A cikin shirun nan suka ji ruwan Mati na gudu a kwari, ƙul-ƙul-ƙul.

"Ba ka ga ƙyallen ba, Yaya?"

"Ban ji komai ba," in ji Muntaka. Ya sake cewa, "Ai ban ji komai ba."

Mati ya ce a manta da maganar majalisa, yanzun nan zai jawo tiyo. Muntaka ya ce in tiyon ya ƙetaro shinge sai ya sare shi da adda.

Ya bi gidajen da ya yi wa gyara shekara da shekaru yana neman aron inji. Wasu sun sayar wa 'yan gwangwan. Masu shi kuma suka tuna salansarsu da man da suka ƙona a banza, suka ce wayyo, ai jiya aka ara. Ya koma ɗibar ruwa da jarka daga wani kududdufi, tsoho da shi, yana zubawa gindi-gindi, ƙasa na shanyewa kafin ya juya baya. Ganyen masara ya fara naɗewa tun da safe. Na gefen hanya ya yi fari.

Kaltume ba ta taɓa sa baki a maganar inji ba tun aurensu. Ranar ta tare shi a tsakar gida, ya dawo rigarsa jiƙe da gumi, kafaɗa ta saɓule.

"Malam, na ba ka awakina ban ce komai ba. Na ba ka tunkiyata. Yanzu ba ni da abin ba ka, kuma abin da ke rumbu ba zai kai mu damina ba. Mutanen nan naka na cikin kaset, akwai wanda zai aiko mana da tuwo?"

Ya ɗaga hannu zai yi mata irin jawabin majalisa, ya ga fuskarta, ya sauke. Tsoro ne ya kama shi, tsoron yunwa tsirara, irin wanda bai taɓa bari ya matso kusa da shi ba. Kunya kuma ta hana shi taka ƙofar ƙaninsa. Ya zauna a kan turmi.

"Ki aika a gaya wa Mati," ya ce, "ya yi abin da ya ga dama."

Kafin azahar ruwa ya shiga lambun. Masarar da ta rage ta farfaɗo, an samu fiye da rabi. Mati ya zo har zaure ya ce shi bai riƙe maganar nan ba, lambu na Yaya ne. Amma maganar an yi ta gaban liman da jama'a, an ƙara shaida, kuma ko an mayar masa, da wane injin zai noma? Muntaka ya ce shi ba ya magana biyu. Ko a nan ma sai da ya yi taƙama, kamar wata bajinta ya yi.

Da aka yi girbi, amalanken shanu ya bi ta ƙofar gidansa bai tsaya ba, ya sauke a rumbun Mati. Ba a rage su da komai ba, gaskiya. Safiyatu matar Mati ce ke riƙe da awo, kuma ba ta taɓa tauye musu mudu ba.

Washegari da safe Muntaka na zaune a zaure, ya miƙe ƙafafu a bakin ƙofa. Kaltume ta fito da ƙwaryar awo. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan, gabansa take ajiye ƙwaryar ya tashi ya buɗe rumbu. Ta tsaya a kansa, ƙwaryar a hannu, ba ta ajiye ba, ba ta kuma dube shi ba.

"Malam, zan shiga wajen Safiyatu."

Ya janye ƙafarsa ta wuce.